Uwar mijina ta ƙwace katin asibitina, ta ce sai na haifi namiji

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, an yi mini aure ina da 16, kuma muna zaune a babban gida a ƙauye tare da mahaifiyar maigidana da yayyensa da matansu. 'Ya'yana uku duka mata, na kuma yi ɓari sau ɗaya kafin ta ukun. A haihuwar ƙarshe sai da na kwana biyu ina naƙuda a ɗaki kafin Inna ta yarda a kai ni asibiti, inda aka yi mini aiki aka ciro yarinyar, aka ƙara mini jini. Likita ya ce in huta aƙalla shekara biyu, kuma duk haihuwar da zan yi nan gaba a asibiti za a yi ta. Yanzu yarinyar watanta bakwai. Inna ta karɓe katina ta ɓoye, ta ce ba a tsarin iyali a gidanta, kuma in ban samo mata jika namiji ba za ta sa a yi mini kishiya ko a sake ni. Ranar da ta ji na yi magana da malamar asibiti a wajen rigakafi, ta mare ni a gaban yara, ta kuma rage mini awo. Maigida ba mugu ba ne, amma da na yi magana sai ya ce in yi haƙuri, uwarsa ce, kuma da an gama kaka yake tafiya ci-rani. Shin laifi ne a wajen Allah in nemi hutun haihuwa? In je a yi mini a ɓoye? Ko in tattara in tafi gidanmu? Ƙanwata ce ta rubuta mini wannan a wayarta.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, sannu da wahala, Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya miki 'ya'yanki, Ya kuma saka wa ƙanwar nan taki da alheri da ta isar da kukanki. Kafin in shiga tambayoyinki uku, ina so ki ji wannan daga bakin babba: hana mace zuwa asibiti bayan an yi mata aiki, da marinta a gaban 'ya'yanta, da rage wa mai shayarwa abinci don a tanƙwara ta, duk zalunci ne, kuma kasancewar mai aikata shi ita ce ta haifi mijinki bai mayar da shi tarbiyya ba. Na fara da wannan ne domin mata da yawa a irin halinki, saboda yawan jin "yi haƙuri" daga kowane baki, sukan kai ga zargin kansu, har su ɗauka cewa su ne marasa kunya da suka ji zafin abin da ake yi musu.

Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki shi ne jikinki, don haka da shi zan fara. Idan aka yi wa mace aiki aka ciro ɗa, ana yanka mahaifa ne a ɗinke ta, kuma warkewar fatar ciki da ido yake gani ba ta nuna cewa tabon da ke ciki ya gama ƙwari ba. Cikin da ya shiga da wuri yana girma ne a kan tabon da bai gama ƙarfi ba, kuma idan naƙuda ta zo, musamman in ta yi tsawo a gida, mahaifa tana iya fashewa. Wannan lalura ce da take kashe uwa da ɗa cikin ɗan lokaci idan babu ɗakin tiyata da jini a kusa, kuma ke kin fi ni sanin nisan ƙauyenku da babban asibiti da yadda hanya take da damina. Ga kuma jinin da kika rasa, wanda jiki yake buƙatar watanni da abinci mai kyau kafin ya mayar, alhali kina shayarwa kuma an rage miki awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowace mace shawarar ta bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, da wata 6 bayan ɓari, ko da lafiya lau ta haihu, balle ke da aka yi wa aiki. Alƙaluman hukumar na shekarar 2020 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma duk wanda ya zauna a karkararmu ya san cewa da yawansu suna rasuwa ne saboda an daɗe ana jiran izini kafin a ɗauke su. Kwana biyun da kika yi kina naƙuda a ɗaki, ita ce hanyar da take kai mata cibiyoyin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina da Laure a Kano da Jahun a Jigawa, kuma Allah ne Ya kuɓutar da ke. Ba na so a sake gwada ranki a karo na biyu.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun yau. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu, wato jariri bai kai wata shida ba, ba ya shan komai sai nono, kuma al'ada ba ta dawo wa uwa ba. 'Yarki ta kai wata bakwai, saboda haka wannan kariya ta wuce, kuma ciki yana iya shiga ko da ba ki ga al'ada ba tukuna. Ma'ana, wannan magana ba ta jiran sai maigida ya dawo daga ci-rani na baɗi. Shi kuwa kati, kada ɓoye shi ya tsorata ki, domin asibiti yana da rajista da fayil, kuma in kin faɗi sunanki da watan da aka yi miki aiki za a iya nemo bayananki ko a buɗe miki sabo.

Kin tambaya ko laifi ne a wajen Allah, kuma na san wannan ita ce tambayar da ta fi hana ki barci. Ba laifi ba ne. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma a cikin ayar nan ɗin Ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta, sannan Ya ɗora maganar yaye a kan yarda da shawara tsakanin uba da uwa. Ki lura cewa mutum biyu ayar ta ambata, ba ta sa kaka ko gwaggo a cikin wannan shawara ba. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje don kada ciki ya shiga, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya faɗa a Muwaɗɗa cewa miji ba ya yin azalu ga matarsa 'ya, wato wadda ba baiwa ba, sai da izininta, abin da yake nuna cewa tun wancan zamani malamai sun ɗauki maganar ciki a matsayin abin da mace take da baki a ciki. A zamaninmu kuma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su ba da tazara tsakanin ciki da ciki bisa shawara da yardar juna idan akwai buƙatar da shari'a ta amince da ita, ta kuma haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Ke ba ki ce kin gama haihuwa ba, kuma ba tsoron talauci ya sa ki magana ba. Likita ne ya duba cikinki ya ce ki huta, kuma ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" tana cikin manyan ginshiƙan fiƙihu da kowane almajiri ya haddace.

Game da ɗa namiji, abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin an daɗe ana hukunta mata a kan abin da ba ya hannunsu. A Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya ce Yana ba wanda Ya so mata, Yana ba wanda Ya so maza, ko Ya haɗa masa maza da mata, Ya kuma bar wanda Ya so bakarare. Ta fuskar ilimin likita ma, ƙwan mace iri ɗaya ne a kowane ciki, kuma abin da yake sa ɗa ya zama namiji ko mace yana zuwa ne daga maniyyin uba, shi ma ba da zaɓinsa ba. Saboda haka ko an auro mata uku an cika gidan, babu wanda zai iya ɗaukar wa Inna alkawarin jika namiji. Suratun Nahl ta siffanta mutumin da fuskarsa take yin baƙi idan aka yi masa albishir da 'ya mace, kuma da zargi ta siffanta shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'ya'yansa maza duk sun rasu suna ƙanana, ta hanyar Nana Faɗima zuriyarsa ta ci gaba, kuma a ƙasarmu har yau ana koyar da mata da tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa. Ki kula da kunnuwan 'ya'yanki, musamman babbar, domin yarinyar da ta tashi tana jin ana dukan uwarta saboda ta haife ta, wannan magana tana zama a ranta har girma.

Ban ce ki raina Inna ba, kuma ba zan ce ba. Tana da haƙƙin girmamawa a kanki, tana da haƙƙin biyayya da ciyarwa a kan ɗanta, kuma mai yiwuwa ne ita ma haka aka yi mata, ta haihu a ɗaki ba tare da ta yi ko tari ba, ta binne wasu daga cikin 'ya'yanta, har ta yarda cewa darajar mace a babban gida tana tsayawa ne a kan yawan 'ya'ya maza da za su gaji gona su riƙe gandu. Fahimtar wannan zai taimake ki wajen zaɓar kalmomi, amma ba ya ba ta ikon da shari'a ba ta ba ta ba. Auren nan tsakaninki da ɗanta aka ɗaura shi, ciyarwarki a wuyansa take, kuma hidimar da kike yi wa Inna kyautatawa ce da za ki samu lada a kanta. Awon da ta rage miki haƙƙinki ne a kan mijinki, ko da ita take riƙe da makullin rumbu. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, an umarci maza su zaunar da mata inda suke zaune gwargwadon halinsu, kada su cutar da su don su ƙuntata musu, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa idan cutarwar dangin miji ta tabbata, mace tana da damar neman a raba mata wurin zama da su. A ƙauye wannan ba ya buƙatar sabon gida, sau da yawa katanga ce ko danga da ƙofa daban, da tukunya daban, da awo da miji zai miƙa wa matarsa hannu da hannu.

Akwai kuma hujjar da nake ganin za ta fi shiga kunnen Inna fiye da ta likita, kuma daga al'adarta take. Iyayenmu da kakanninmu ba su san allura ba, amma sun san tazara. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ta shayar da ɗanta kusan shekara biyu, kuma wadda ta yi kwanika, wato ta samu ciki tana goyo, abin kunya ne gare ta da mijinta, har tsofaffi su kira su su yi musu faɗa saboda tausayin ɗan da ke baya. Idan aka samu dattijuwar da Inna take jin nauyinta, yayarta ko ƙawarta ko tsohuwar ungozomar garin, ta tuna mata cewa abin da ake nema shi ne wannan hutun da tsofaffi suka sani, za ta fi saurin sauka fiye da a ce mata tsarin iyali, wanda mutane da yawa suke jinsa kamar ana nufin a ƙayyade musu haihuwa.

Sai dai gaskiyar magana ita ce, mabuɗin wannan matsala yana hannun maigidanki. Kin ce ba mugu ba ne, kuma na yarda da ke, amma miji yana iya cutar da matarsa da shirunsa ba tare da ya ɗaga mata hannu ba, kuma kalmar "uwata ce" ba za ta zama amsa ba ranar da Allah zai tambaye shi amanar da ya karɓa a gaban shaidu. Biyayyar iyaye wajibi ce, amma Manzon Allah ya ce biyayya tana kasancewa ne a cikin abin da yake na alheri, kuma barin mace ta ɗauki cikin da zai iya kashe ta ba ya cikin alheri. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa, ku biyu kaɗai, kuma kada ki fara da ƙarar mahaifiyarsa, domin da zarar ɗa ya ji ana kawo laifin uwarsa sai kunnensa ya toshe. Ki fara da abin da ya gani da idonsa: daren da aka ɗauke ki, da neman jini, da kuɗin da aka kashe, da yadda zai yi da yara uku ƙanana idan aka ce babu ke. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ya raka ki asibiti ya ji bayani daga bakin likita ko malamar asibiti. Namiji da yawa da ya ƙi maganar a ɗaki yana karɓarta idan ya zauna a gaban ma'aikacin lafiya aka nuna masa abin da aka yanka da abin da ake tsoro, kuma daga nan yana samun abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa ba tare da ya zama kamar ya fifita mace a kanta ba, domin zai ce umarnin likita ne. A yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar an kafa abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti da tazara, kuma an faro ta ne saboda an gane cewa a ƙauyukanmu izinin miji ne yake buɗe ƙofar asibiti ko ya rufe ta. Ki yi ƙoƙari a gama wannan magana kafin ya tafi ci-rani, ya kuma bar miki izinin zuwa asibiti a fili, a gaban Inna da wani babba, domin kada a ce kin fita ba da sanin miji ba.

Idan ya kasa, ko ya yi alkawari ya saɓa, to lokacin iyayenki ne ya yi. Ban ga inda kika ambaci mahaifinki ko waliyyinki ba, kuma ina zaton kunya da tsoron a ce kin kasa zaman aure su ne suka sa kika rufe musu. Rufe sirrin aure abu ne mai kyau, amma duka da yunwa da haɗarin rai ba sa cikin sirrin da ake rufewa. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta tsara cewa idan aka ji tsoron ɓaraka a kawo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, saboda haka kiran waliyyi bin umarnin Allah ne. Ki faɗa musu komai dalla-dalla, har da marin da rage awo da abin da likita ya ce, kuma ki nemi su zo da buƙatu bayyanannu: a bar ki ki je asibiti, awonki ya dawo hannun mijinki, kada a sake taɓa jikinki, kuma in zai yiwu a raba muku tukunya. Zaman sulhun da aka tashi da "kowa ya yi haƙuri" ba tare da an yanke komai ba, sau da yawa yana ƙara wa mace wahala ne bayan baƙi sun tafi, don haka ki roƙi a sa liman ko mai unguwa ya zama shaida a kan abin da aka amince da shi.

Idan sulhun gida ya gagara, akwai dagaci da hakimi, akwai ofisoshin Hisba a jihohin da suke da ita, akwai matan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da suke da rassa a ƙananan hukumomi da yawa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, waɗanda suke taimaka wa marasa hali ba tare da kuɗin lauya ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015, wadda mafi yawan jihohi suka yi tasu a kanta, ta lissafa duka da cin mutunci da baki da ƙuntatawa ta hanyar abinci ko dukiya da korar mace daga gida a cikin laifuffuka, kuma ko a jihar da ba ta da ita, marin mutum laifi ne a dokar finalkod. Ban faɗi wannan don ki kai surukarki gaban alƙali gobe ba, domin na san abin da hakan yake jawowa a ƙauye. Na faɗa ne don ki san cewa ba a rufe miki dukkan ƙofofi ba, kuma don waliyyinki ya san cewa yana da abin dogaro idan ya yi magana.

Yanzu ga tambayar ɓoye, wadda ita ce mafi wuya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ɓoye wa Inna ba ya buƙatar fatawa, domin tun asali ba haƙƙinta ba ne ta sani, kuma abin da miji da mata suka yanke a ɗakinsu ba dole ba ne ya fito tsakar gida. Ɓoye wa miji kuwa wani abu ne daban. Asalin hukunci a wajen malamai shi ne yardar ku biyu, kuma ɓoyon yana da nasa haɗarin, domin idan ya tonu a gidan da aka riga aka fara duka, abin yana iya munana, amana kuma ta karye. Shi ya sa na dage a kan ki bi ta kansa tukuna, da gaske kuma da sauri. Amma idan kin yi iyakar ƙoƙarinki ya ƙi, ko ya ci gaba da yin shiru alhali kwanaki suna tafiya, to ki sani cewa malamai da yawa sun ce idan likita amintacce ya tabbatar cewa ciki haɗari ne ga ran mace, kare rai yana gaba da izinin miji. A wannan hali kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai, ki sanar da mahaifiyarki da waliyyinki, ki kai maganar ga malamin da ya san fiƙihu tare da bayanin likita, domin in ta taso a samu waɗanda za su tsaya miki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya su riƙe sirrin marasa lafiya, don haka ki gaya wa malamar asibiti halin da kike ciki a gida, ki kuma roƙe ta kada maganarki ta fita.

Hanyoyin hutun suna da yawa, akwai ƙwaya da ake sha kullum, da allurar wata uku, da ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse ta yi shekaru, da robar mahaifa, kuma dukkansu ana dainawa ko a cire haihuwa ta dawo, sai dai allura takan ɗan jinkirta dawowar na wasu watanni. Wasu suna sauya yanayin al'ada, ta ɗauke ko ta riƙa ɗigowa, kuma ya kamata a yi miki bayanin wannan tun farko don kada ki firgita. Ma'aikaciyar lafiya ce za ta auna jininki da hawan jini ta taya ki zaɓar wadda ta dace da mai shayarwa. Ina roƙonki kada ki sha jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin da ake sayarwa a tire a kasuwa da sunan hana ciki, domin ba a san abin da ke cikinsu ba.

Game da tafiya gida, ga ma'aunin da zan ba ki. Idan aka sake dukanki, ko aka hana ki abinci har nono ya fara ƙafewa, ko kika kamu da rashin lafiya aka hana ki fita, to ki ɗauki goyonki ki tafi gidan iyayenki ko na waliyyinki, kuma wannan ba yaji ba ne na rashin dalili, tserar da rai ne. Ki shirya tun yanzu ba tare da hayaniya ba, ki ajiye ɗan kuɗin mota a wurin ƙanwarki, ki haddace lambar wani daga cikin danginki, ki kuma san maƙwabciyar da za ki iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare. Idan abin ya kai ga rabuwa, wadda ba na yi miki fata, fiƙihun Malikiyya ya ba mace damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa idan ta tabbata, kuma renon yara haƙƙin uwa ne bayan saki muddin ba ta yi wani auren ba, ciyar da su kuma yana kan uba. Na san al'ada a wurare da yawa takan ƙwace yara da zarar an yaye su, amma kotun shari'ar Musulunci ba al'ada take bi ba a wannan babi, kuma bai kamata tsoron rasa 'ya'ya ya sa ki zauna inda za su rasa ki gaba ɗaya ba. Barazanar kishiya kuwa, kada ki saye ta da ranki. Ƙarin aure shawarar mijinki ce, da sharaɗin adalci da iya ciyarwa, kuma cikin da za ki ɗauka a kan tabon da bai warke ba ba zai hana shi ba idan ya yi niyya.

Idan kuma ya zamana ciki ya riga ya shiga, kada ki ɓoye shi kuma kada ki nemi taɓa shi da kanki. Ki fara awo da wuri, ki faɗa musu an taɓa yi miki aiki da watan da aka yi, ki sha maganin ƙarin jini yadda aka ce, kuma tun cikin yana wata takwas a san motar da za ta ɗauke ki da wanda zai ba da jini, in da hali ma ki koma wajen dangi da suke kusa da babban asibiti kafin watan haihuwa ya kama. Zubar jini, da ciwon ciki mai tsanani a wajen ɗinki, da ciwon kai mai haɗe da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga, duk alamu ne da ba a jiran gari ya waye a kansu, kuma dokar 2014 ɗin nan ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ya zo cikin halin gaggawa.

Ki sa ƙanwarki ta karanta wa mahaifiyarku wannan amsa, kuma in kin ga fuska, a karanta wa maigida sashen da ya shafi lafiyarki da nasa nauyin. Cikin makon nan nake so ki isa asibiti, ko da da dalilin rigakafin yarinya ne, a duba jininki da ɗinkin. Ki sake aiko mini da yadda kuka yi da shi da abin da malamar asibiti ta ce, kuma ki faɗa mini jiharku a asirce don in nuna miki ofishin da ya fi kusa da ku. Allah Ya tsare ki, Ya daidaita tsakaninki da surukarki.